Amaryar Kudan, Dutsen Tozali da Yayin Kwalliyar Mutanen Tsauni

Da zarar kaka ta yi, an kai masara da barkono kasuwa, manyan motoci sun fara jerin gwano a Makarfi suna lodin rake, to lokacin biki ya kama ke nan a ƙasar Kudan da Ikara. Masu ƙunshi da masu gyaran jiki ba sa ganin barcin kirki sai an ci rabin rani. Duk mai lura da fuskokin amare a Hunkuyi ko Likoro ko Paki ya san yayi ya fara juyawa. 'Yan shekarun baya, a lafta wa yarinya hoda hawa uku, a liƙa mata gashin ido na kanti, a aske gira a zana wata, shi ne wayewa, ko da kuwa uwar da ta haife ta za ta riƙe hoton tana neman 'yarta a ciki. Yanzu sai ka ji amarya na ce wa mai kwalliya: "Anti, don Allah a yi mini mara nauyi, wadda ba za a gane an yi ba." Wannan juyi alheri ne, ina kuma maraba da shi. Inda nake da ja shi ne wurin da ake zuwa ɗebo samfurin.

Waya ce malamar kwalliya a yau. A TikTok da Instagram akwai salon da ake ta yaɗawa da sunan kwalliyar mutanen tsauni: kumatu jajur irin na 'yan matan Tibet da na makiyayan duwatsun Andes a Kudancin Amurka, layi da ɗigo-ɗigo a haɓa irin na tsofaffin matan Amazig na tsaunukan Atlas a Maroko, ido baƙi wuluk irin na matan Abzin. Kamfanoni sun shigo da hoda mai launin yumɓu da launin tsatsa, suna tallata ta da hoton dutse da hazo. Saƙon da ke ƙarƙashin tallar shi ne wai mutanen da ke can sama, nesa da birni, su suka riƙe kyau na asali, kuma duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa. Maganar farko rabin gaskiya ce. Ta biyun kuwa kuskure ne da ya daɗe a ɗakunan iyayenmu tun ba a san za a ƙera waya ba.

A fara da jan kumatun. Birnin Lhasa na Tibet yana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,650. A irin wannan wuri rana na dukan fata kai tsaye, sanyi da busasshiyar iska na tsattsaga ta, jini kuma na ƙara kauri domin ya kama ɗan abin shaƙar da ke akwai. Jan da ke kumatun yaran can tabon wahala ne, ƙananan hanyoyin jini ne suka buɗe suka kasa komawa. Budurwar da ke zaune a Shanghai ko Landan tana goga jar hoda a kan hanci da kumatu don ta yi kama da su, ƙunar rana take kwaikwaya. In ta Hunkuyi ta kwaikwayi ta Landan, ta zama mai kwaikwayon mai kwaikwayo, a kan fatar da ba a halicce ta da nuna ja ba. Layin haɓar matan Atlas ma aikin allura ne da ke faɗin dangin mace da matsayinta, kuma jikokin masu shi sun daina yi, galibi saboda malamai sun hana. Mu ma mun san wannan hanya. Tsagar gado da wanzamai ke yi tana ƙarewa a fuskokin tsofaffi, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 kuma ta hana yi wa yaro tsaga ko zane a fata.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda muke hangen duwatsun wasu, alhali idon Bahaushiya tun fil azal da dutse ake ƙawata shi. Tozalin da ke cikin tandun kowace tsohuwa ba a fadamar Kudan ake samun sa ba. Ma'adini ne mai nauyi, mai ƙyallin azurfa idan an fasa shi, ana haƙo shi a ƙasashen kwarin Binuwai: Zurak a ƙasar Wase, ƙarƙashin tudun Filato, da Arufu a yankin Wukari, da can kudu wajen Abakaliki. Tun kafin Turawa su zo su auna ramukan su sa a taswira, mutanen wurin na haƙa, fatake na saye, jakuna na haurowa da shi arewa, 'yan koli na kasa shi a kasuwa tare da madubi da allura da tsakiya. Zazzau ita ce ƙofar da kayan kudu ke bi su shiga Kano, Kudan da Makarfi kuwa suna tsakanin biranen biyu.

Ta ɓangaren arewa kuma ciniki ya juya. Shuɗin da ke goge wa Buzaye a goshi da kumatu, wanda ya sa 'yan yawon buɗe ido ke kiran su shuɗɗan mutane, ba a duwatsun Abzin ake yin sa ba. Turkuɗi ne, saƙar ƙasar Kano, rinin marina, bugun mabugan Kura, wanda ake buga masa garin shuni har ya riƙa sheƙi, sannan ya kama hanyar Agadas. Wato launin da duniya ke ɗauka a hoto ta ce ga adon mutanen tsauni, a bakin titin Zariya zuwa Kano aka buga shi, ɗan gaba kaɗan da mu.

Kayan kwalliyar kakanninmu ba su da yawa, amma kowanne ya san aikinsa. Lalle a tafin hannu da ƙafa, a naɗe da ganye ko a zura hannu cikin zunguru a kwana. Katambiri da 'ya'yan gauɗe don ɗigo da zane baƙi a goshi da kumatu, wanda ke gogewa da kansa bayan 'yan kwanaki. Furen taba da goro don rina haƙori, abin da yau za a yi wa dariya, amma a zamaninsa ya hana samari barci. Shuni da man shanu a kitso, man kaɗe kuma don hunturu. Likitan nan J. M. Dalziel ya sa da yawa daga cikin waɗannan tsirrai a littafin sunayen tsirran ƙasar Hausa da ya buga a 1916. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, ta ba da labarin sa lalle dalla-dalla yadda ake yin sa a ƙauyukan Zazzau da Kano. Abin lura a wannan tsari shi ne babu ko ɗaya da aka tanada don ya binne fuska ko ya sauya mata launi. Gefe-gefe ake ƙawatawa: ido, hannu, ƙafa, haƙori, gashi. Ita fuskar a wanke ta, a shafa mata mai, a ƙyale ta. Mai neman samfurin kwalliya mara nauyi, ga shi nan a gida, an riga an gwada shi a kan irin fatarmu da irin ranarmu.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba zan tsallake ba. Mutanen tsauni na gaske ba su da nisa da mu. Suna Kauru, suna Lere, suna Kagoro, suna kan tudun Jos. Da yawansu sun ƙara lafewa cikin duwatsun ne saboda mahayan da ke fitowa daga birane irin Zariya neman bayi a ƙarni na 19. Jar ƙasar da suke kwaɓawa da mai su shafa a jiki, da duwatsun wuyansu, da gyaran gashinsu, ba mu taɓa kiran su kwalliya ba. Wasu sunaye muka ba su, waɗanda ba sai na maimaita ba. Alhali a ƙasarsu ne, kusa da ƙauyen Nok, masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu tun 1928, kawuna masu kitso da ado da suka haura shekara dubu biyu, irin kitson da har gobe gwanar kitso za ta tsaya ta ƙare masa kallo. In 'yar Kudan za ta yaba jan launi a fuskar matar Maroko amma ta raina shi a jikin 'yar Kagoro, to ba launin take yabo ba, farar fatar da ke ƙarƙashinsa take yabo. Mai kwalliyar da za ta ari wani abu daga maƙwabtanmu ta faɗi sunan masu shi. Ba ya cin ko sisi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dutsen tozalin nan, masana ma'adinai na kiran sa galena, kuma ba komai ba ne illa dalma haɗe da farar wuta. Idan tsantsarsa ne, sama da kashi 85 cikin ɗari na nauyinsa dalma ce. Ramukan Zurak da na Abakaliki su ne dai ake haƙa yau da manyan injuna don fitar da dalma zuwa ƙasashen waje. Abin da muke niƙawa mu rambaɗa wa jariri ranar suna, har a ja masa gira da shi, ke nan.

A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun auna jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Nijeriya, suka ga dalmar da ke ciki ta kai maki 13, fiye da ninki biyu na maki 5 da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta sa a matsayin ma'aunin damuwa a shekarar da ta biyo baya. Aka duba gidan ba a ga tsohon fenti ko wani abin zargi ba. Daga ƙarshe aka gano kwalli ne da aka sayo a bakin titi a Ilori, ana sa masa a ido sau uku ko huɗu a mako. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ne. Rahoton da hukumar ta buga a 2012 ya kawo sunansa na Yarbanci, tiro, ya kuma kawo namu biyun, tozali da kwalli, don kada wani ya ce ba da shi ake ba. Tun 2021 ma sun sauko da ma'aunin zuwa maki 3.5. Wannan jariri ya ci sa'a an haife shi inda ake auna jinin yara ba tare da sun kwanta ciwo ba. Na Kudan da Ikara ba wanda ke auna su.

Mu 'yan arewa ba ma buƙatar Amurka ta gabatar mana da gubar dalma. A 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida. Sama da yara 400 suka rasu. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Adalci shi ne a faɗi cewa ba kwalli ne ya kashe waɗannan yara ba, kuma abin da ke shiga jiki daga tandu bai kama ƙafar ƙurar turmin masu zinariya ba. Amma guba ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da cewa babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya illa, kuma jikin ƙaramin yaro na tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai tsotse daga abin da ya haɗiya.

Ta ina take shiga, tunda ba ci ake yi ba? Ci ake yi. Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki. Hawaye ya wanke garin, ya bi 'yar hanyar da ta haɗa ido da hanci, ya gangara maƙogwaro. Uwa ta sa kwalli da yatsa, ta juya ta ba da nono ko ta dama koko. Ita kanta uwar, dalmar da ta tara tun tana budurwa tana nan kwance a ƙashinta, idan ta ɗauki ciki sai ta sauko cikin jini ta isa ga ɗan tayi. Shi ya sa maganar kwalliyar amarya ba ta rabuwa da maganar goyon da zai biyo baya.

Na san amsar da ke jira na a kowane tsakar gida: "Mu da shi aka raine mu, da shi muka raine ku, wa ya makance?" Gaskiya ne, Inna, ba wanda ya makance, domin dalma ba ta makantarwa. Aikinta irin na gara ne a azara, daga waje ɗaki na tsaye, ciki kuwa an cinye. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, tana kawo ƙarancin jini, tana sa yaro rashin natsuwa, babba kuma hawan jini da ciwon ƙoda. Yaron da ya kamata ya haddace allonsa a mako ya kai wata, sai a ce ba ya ja, ko a ce ya gado. Ba wanda zai waiwayi tandu. Ba na cewa duk daƙiƙin aji kwalli ne sanadinsa, yunwa da zazzaɓin cizon sauro da makarantar da ba malami sun fi shi laifi nesa ba kusa ba. Amma a cikin dukkan waɗannan, kwalli ne kaɗai za a iya kawarwa yau da yamma ba tare da an jira gwamnati ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma dole a ɗauke ta da ladabi: sa kwalli sunna ce. Haka ne, hadisai sun yabi ismid, sun ambaci amfaninsa ga gani da gashin ido. Sai dai abin tambaya shi ne ko dutsen da ɗan koli ke aunawa a kasuwar Makarfi shi ne ismid ɗin. Masana da dama na ganin ismid dutsen antimoni ne, wanda ke kama da galena a ido ƙwarai, har ɗan kasuwa mai gaskiya ma ba zai bambance su da kallo ba. Gwaje-gwajen da aka sha yi a kan kwallin kasuwa, har da wanda ake shigowa da shi daga Indiya da Pakistan da ƙasashen Larabawa cikin kwalabe masu rubutun Larabci, sun yi ta nuna dalma a da yawa daga ciki. Tsarabar alhazai ba ta tsira ba don kawai a ƙasa mai tsarki aka saye ta. Addinin da ya kwaɗaitar da kwalli shi ne kuma ya wajabta kawar da cuta, kuma ban san malamin da zai ce a sa wa jariri abin da aka tabbatar guba ne ba. Wannan aiki ne na malamanmu na fiƙihu su zauna da masana sinadarai, Zariya kuwa ba ta rasa ko ɗaya a cikinsu ba.

Masu son kare tozali da kimiyya na da abin kamawa guda. A 2010 wasu masana a Faransa, da suka nazarci kwallin Misirawan dauri da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre, sun nuna cewa ɗan ƙanƙanin sinadarin dalma na iya zaburar da ƙwayoyin fata su yaƙi cuta, ƙila shi ya sa ya taimaka wa mutanen bakin Nilu da ciwon ido. Bincike ne mai ban sha'awa, amma a kan ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji aka yi shi, kuma Fir'auna ba shi da maganin ɗigawa a ido. Mu muna da shi a kowane kemis.

Baƙin lalle, wanda masu ƙunshi ke kira dayis, shi kuma ko alfarmar tsufa ba shi da ita. Ganyen lalle ja yake bayarwa, in ya kama sosai ya yi duhu. Baƙin da ke kamawa cikin rabin sa'a sinadarin rina gashi ne da ake kira PPD, wanda ba a yi shi don fata ba. Wasu ba ya yi musu komai, wasu kuwa hannu ya kumbura ya yi ruwa, zanen furen ya koma tabo, kuma jikin da ya taɓa ƙin sa ya ƙi shi ke nan har abada. Kakanninmu da suka so baƙi, katambiri suka nema.

Duk wannan ƙarami ne a kan babban abin da ke rushe maganar kwalliyar asali tun daga tushe, wato shafe-shafe. Amaryar da ke roƙon a yi mata hoda mara nauyi, sau da yawa ta riga ta yi wata guda a hannun mai gyaran jiki ana dirza mata haɗin da ba shi da suna ba shi da lamba, an zuba a roba an ce dilka ce da kurkum. Dilka ta gaskiya, irin ta Barno da Sudan, goge datti take yi ta sa fata laushi, ba ta mai da baƙa fara cikin mako biyu. Duk haɗin da ya yi haka, akwai wani abu a ciki: ko haidrokwinon, ko maganin kumburi mai ƙarfi irin wanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta, ko zaiba. Adadin da ake yawan ambata, wai kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na bilicin, ya samo asali ne daga binciken da aka yi a kan 'yan kasuwa a Legas aka buga a 2002, don haka ba ma'aunin ƙasa baki ɗaya ba ne. Amma ba sai da lissafi ba, ido ba mudu ba ne ya san kima: a dubi gaɓoɓin yatsu a wurin kamu. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa, a shekarar ce kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata, har da Nijeriya, suka amince a daina duk kayan shafa mai zaiba zuwa ƙarshen 2025. Fatar da aka ɗaye ba ta jure ranar Ikara, ba ta jure hunturu, dole a rufe ta da hoda mai kauri. Garin neman gira an rasa ido.

To wace irin fuska nake ba amaryar Kudan shawara? Wadda ta riƙe tsarin kakanni ta sauya kayan da suka gaza. A bar fata da launinta, a ciyar da ita da man kaɗe tun ana saura makonni, musamman in bikin ya faɗo cikin sanyi. Hoda, in za a sa, ta zama daidai da launin wuya, ba wadda ta fi shi haske da mataki uku ba, kuma wannan ne wurin da masu kwalliyar ƙauye suka fi faɗuwa, domin kwalin da suka sayo a Sabon Gari launi biyu ne ko uku, kowace amarya da shi za a shafe ta. Ido ya ɗauki nauyin kwalliyar kamar yadda ya saba, da baƙin layi siriri, amma daga fensir mai lambar hukuma ko kwallin da aka tabbatar ba dalma. Ana yin kwalli da baƙin hayaƙin fitila da mai a Indiya, ana yi da ƙonannen ƙwallon dabino ko lubban a wasu ƙasashen Larabawa, baƙinsa ma ya fi na dutse. Hannu da ƙafa a ba su jan lalle na ganye, a ba shi daren da yake bukata, ko na salatif ne ko na zane. Gira a taje ta a bar ta. Mai son ɗigon katambiri a tsakiyar goshi ko gefen ido, ga shi nan, nata ne na gado, ba sai ta aro haɓar matar Atlas ba. Jariri kuwa kada a sa masa komai a ido, ko na dutse ko na hayaƙi.

In akwai abin koyi a wurin matan Atlas, a harkar kasuwa yake. Man argan da matan kudu maso yammacin Maroko ke fasa ƙwallonsa da dutse ya zama hajar duniya ne bayan sun haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai, aka tsabtace aikin, aka sa masa suna da shaidar inganci, har UNESCO ta sa sana'ar cikin kayan gadon ɗan Adam a 2014. A Disambar 2024, a zaman da aka karɓi hawan sallar Kano cikin wannan jeri, an karɓi al'adar lalle ma, amma da sunan ƙasashen Larabawa goma sha shida. Babu Nijeriya, babu Nijar, duk da cewa a nan ba a kai amarya sai an sa ta a lalle. Kaɗanya ma haka: muna sahun gaba a duniya wajen yawan ƙwallonta, amma ɗanye muke sayarwa, wasu su tace su zuba a kwalba su dawo mana da shi da tsada. Hanin fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida da gwamnatin tarayya ta sanar a Agustan 2025 ya nuna an fara jin zafin abin, sai dai hani kaɗai ba ya gina matata, matan da ke tsintar ƙwallon ne ma suka fara ganin farashi ya faɗi.

Abin da ya fi sauƙi a cikin duk wannan shi ne awo, kuma kayan awon na bakin ƙofarmu. Cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, tana Basawa, ba nisa da Hunkuyi. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da na'urorin da ke faɗin ƙarfen da ke cikin ɗan gari kaɗan. A Makarfi akwai kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris, wadda ɗalibanta ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai kowace shekara. Ƙananan hukumomin Kudan da Ikara da Makarfi za su iya haɗa kuɗin da bai kai na walimar rantsar da kansila ba, a bi kasuwannin Makarfi da Ikara da Hunkuyi a sayi kowane irin kwalli da dayis da haɗin gyaran jiki da ke kan tabarma da kanta, a auna, a karanta sakamakon da Hausa a rediyo, iri-iri da sunansa, don mai saye ta san wanne za ta ɗauka. 'Yan koli ba abokan gaba ba ne a nan, ba su san abin da ke cikin dutsen ba, kuma in aka ba su haja mai tsabta da za ta karɓu, ita za su kasa.

Sakamakon kuma ba amare za a fara kai wa ba. Amarya ba ta da ta cewa ranar suna, tana ɗaki tana wankan jego. Masu riƙe da tandun su ne kaka da ungozoma da uwar miji, su kuwa ba sa TikTok, kuma ba sa karɓar gyara daga 'yar da suka haifa. A wurin awon ciki da makarantun Islamiyya na matan aure ake samun su, daga bakin malama ko ma'aikaciyar asibitin da ta kai shekarunsu, wadda ita ma da kwallin aka raine ta.